Tona Asirin Ɓoyayyar Lamba: Kariya Ga Wani, Haɗari Ga Wata

A watan Fabrairun 2009 wani kamfani mai suna TelTech Systems, da ke jihar New Jersey ta Amurka, ya fito da wata haja da ya raɗa wa suna TrapCall. Alkawarin da ya yi wa masu saye gajere ne: duk wanda ya ɓoye lambarsa ya kira ka, za ka gan ta ƙuru-ƙuru a fuskar wayarka, shi kuma bai san an gano shi ba. Mutanen da masu kiran tsakar dare suka hana barci sun yi maraba da wannan labari. A ofisoshin ƙungiyoyin da ke ba matan da suka gudo daga duka da azabar mazajensu mafaka kuwa, hankali ne ya tashi. Cindy Southworth, wadda a lokacin take kula da sashen fasaha na gamayyar ƙungiyoyin yaƙi da cin zarafin iyali ta Amurka, na cikin waɗanda suka fara jan kunne cewa matan da ke ɓuya sun dogara da ɓoye lamba, kuma yanzu an tsinka musu wannan igiya ba tare da an sanar da su ba.

Duka ɓangarorin biyu tsoro ne ya sa su magana, kuma tsoron kowa na gaske ne. Shi ya sa rigimar ta ƙi mutuwa har yau. Tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce: idan mai kira ya ce a rufa masa asiri, wanda ake kira kuma ya ce sai ya san mai magana, wa zai raba gardama, kuma a hannun wa ya kamata mabuɗin ya zauna?

Yadda lamba ke ɓuya, da yadda ake tono ta

Mutane da yawa sun ɗauka idan suka ɓoye lamba to ta ɓace ke nan. Ba ta ɓacewa. A Amurka ana danna *67 kafin lambar da za a kira, a Ingila 141, a yawancin wayoyin salula irin namu kuma #31#, ko a shiga saitin waya a kashe nuna lamba. Abin da wannan ke yi kawai shi ne ya maƙala wa kiran wata alama mai cewa kada a nuna. Lambar tana tafiya tare da kiran daga kamfani zuwa kamfani har ta isa na'urar ƙarshe da ke kula da layin wanda ake kira, nan ne ake mutunta alamar a riƙe lambar. Ke nan kamfanonin sadarwa sun san mai kira tun daga farko har ƙarshe, wanda ake kira ne kaɗai aka bari a duhu.

A tsarin Amurka akwai layukan da wannan alama ba ta aiki a kansu. Layin agajin gaggawa na 911 yana ganin lambar kowa, domin mai neman ceto yana iya suma kafin ya faɗi inda yake. Haka nan layukan kyauta masu farawa da 800 da danginsu, waɗanda mai layin ne ke biyan kuɗin kiran, ana ba su lambar mai kira ta wata hanya daban da aka tanada domin lissafin kuɗi, bisa hujjar cewa wanda zai biya yana da haƙƙin sanin abin da yake biya wa.

Ta wannan ƙofa TrapCall ya shiga. Mai saye zai saita wayarsa ta yadda duk kiran da ya ƙi ɗagawa za a karkatar da shi zuwa layin kyauta na kamfanin. Da ɓoyayyen kira ya shigo sai ya katse, kiran ya zarce can, na'urar kamfanin ta karanta lambar, ta sake turo kiran cikin 'yan daƙiƙoƙi da lambar a fili. Mai kira ba ya jin komai sai ƙarar ringin da ya saba ji. Ba a fasa wata na'ura ba, ba a saci komai ba. An ɗauki damar da aka tanada domin lissafin kuɗin 'yan kasuwa ne aka mayar da ita hanyar warware alkawarin da aka yi wa mai kira.

Alkawarin da aka sha wuya kafin a ƙulla

Wannan alkawari yana da tarihi. Kusan shekara ɗari ana amfani da tarho ba tare da wanda ake kira ya san mai kira ba sai ya ɗaga. A 1987 kamfanin tarho na New Jersey ya fara gwada nuna lambar mai kira, kuma nan da nan aka rabu biyu. Masu goyon baya suka ce zai rage kiran batsa da na barazana. Masu adawa, ciki har da gidajen mafakar mata, da likitoci, da 'yan sandan ciki, da masu kula da layukan ba da shawara ga masu tunanin kashe kansu, suka ce zai hana mutane neman taimako. A 1990 wata kotu a jihar Pennsylvania ta yanke hukunci cewa nuna lamba ba da yardar mai ita ba ya saɓa wa dokar jihar ta hana satar sauraren waya, kuma kotun ƙolin jihar ta tabbatar da hukuncin a 1992. Jihar Kalifoniya ba ta bari an fara ba sai 1996.

Sulhun da aka cim ma shi ne wanda hukumar sadarwa ta tarayyar Amurka, FCC, ta sa ya fara aiki a Disambar 1995: za a nuna lamba, amma kowa yana da ikon ɓoye tasa kyauta a kowane kira, kuma wajibi ne kamfanoni su mutunta hakan. A ɗaya gefen aka bar wa wanda ake kira nasa makamai. Yana iya sa layinsa ya riƙa ƙin karɓar duk ɓoyayyen kira. Yana iya danna *57 bayan kiran barazana, kamfani ya adana lambar, amma ba za a ba shi ita ba sai dai a ba hukuma. Wannan sulhu ne hajar 2009 ta zo ta tsallake.

Wanda aka hana barci

Kafin a zargi mai sayen irin wannan haja, a tsaya a dubi halin da yake ciki. Waya ta yi ƙara ƙarfe biyun dare, ba lamba, a ɗaga a ji numfashi kawai, ko zagi, ko wani ya faɗi kalar kayan da 'yarka ta sa zuwa makaranta jiya. Gobe a sake, jibi a sake. Ba ka iya toshe lambar da ba ka gani ba. Idan ka toshe duk ɓoyayyun kira, ka toshe har da asibitin da mahaifiyarka ke kwance, domin likitoci da yawa da ɓoyayyar lamba suke kira daga wayoyinsu na hannu. Ka kai ƙara, a ce ka kawo shaida, kai kuma shaidar ce ba ka da ita. Wanda bai ɗanɗana ba yana iya cewa ai kira ne kawai, amma rashin sanin ko maƙwabci ne, ko abokin aiki, ko tsohon miji, shi ne ainihin azabar. Yana sa mutum ya riƙa zargin kowa.

Masu kamfanin da wannan hujja suka kare kansu: su ma matan da ake cin zarafi ana damun su da ɓoyayyun kira, kuma sanin lambar yana ba su abin da za su kai kotu domin a ba su takardar hana kusantar su. Hujja ce mai ƙarfi. A al'adarmu ma wanda ya yi sallama a ƙofar gida aka ce wane ne, ba ya cewa ba zai faɗa ba kuma ya sa ran a ce ya shigo. Mai gida yana da ikon ƙin buɗewa. Sai dai ikon ƙin buɗe ƙofa daban yake da ikon bin mai sallama a ɓoye har a gano gidan da yake kwana, kuma a nan ne masu adawa suka kafa tasu hujjar.

Wadda dole ta sa ta kira

Misalin da Southworth da abokan aikinta suka riƙa bayarwa shi ne na matar da ta tsere daga mijin da ke dukan ta, ta koma wani gari ko gidan mafaka da ba a bayyana adireshinsa, amma suna da 'ya'ya. Kotu ta ba uban damar ganin yaran ko jin muryarsu, don haka dole ta kira shi a shirya rana da wurin haɗuwa. Ba ta da zaɓin yin shiru, domin saɓa wa umarnin kotu yana iya jawo a ƙwace mata yaran. Abin da aka koya mata shi ne ta danna *67. Idan shi kuma ya biya kuɗin wata ya sa tarko a wayarsa, to lambar ta fito. Lambobin farko na layi a Amurka suna nuna yankin da aka yanke shi, lambar tarhon gida kuma ana iya bin ta har zuwa adireshi. Masu aiki da irin waɗannan mata sun daɗe da sanin cewa lokacin rabuwa da bayansa kaɗan shi ne lokacin da mace ta fi fuskantar haɗarin kisa.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai ma'aikacin da ke son tona almundahanar ofishinsu, da maƙwabciyar da ta ji ana azabtar da yaro ta katanga, da malamar makaranta ko ma'aikacin jinya da ke kiran iyaye da wayarsa ta kansa ba ya son ta zama layin jama'a, da ɗan jarida da majiyarsa. Dukansu sun ɗauki matakin da aka ce musu ya isa. Mafi munin abin shi ne ba su san an tona su ba. Wanda ya san ba shi da kariya zai nemi wata dabara ko ya fasa kiran. Wanda ya yi imani yana da ita zai saki jiki ya yi magana.

Haja kuma ba ta tambayar mai saye ko shi wane ne. Katin banki ɗaya ne a hannun matar da ake wa barazana da hannun mijin da ke neman matarsa ruwa a jallo. Ba rantsuwa, ba takardar kotu, ba wanda zai duba ya ga ko an yi amfani da lambar ta hanyar da ta dace.

Mugu mai wayo ba ya faɗa wa tarkon

Akwai wani abu da ke rage wa hujjar tsaro ƙarfi. Tona ɓoyayyar lamba yana kama wanda ya ɓoye lambarsa ta gaskiya ne kawai. Wanda ya aro lambar ƙarya ya ɗora a kan kiransa, tarkon lambar ƙaryar zai nuna. Kuma kamfanin da ya fito da TrapCall shi ne dai ya ƙirƙiri SpoofCard, hajar da ke ba mutum damar kira da duk lambar da ya ga dama har ya sauya murya. Ke nan mai neman tonawa ya biya, mai neman ɓuya ta gaske ma ya biya, wanda ya tsaya a kan hanyar kyauta da doka ta tanada shi ne ya tashi a tutar babu. A Disambar 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan dokar da ta haramta amfani da lambar ƙarya da niyyar damfara ko cutarwa, amma ta bar ƙofa ga wanda ba shi da wannan niyya, kuma halin matan da ke ɓuya na cikin dalilan da aka yi la'akari da su.

Abin da ya faru a farkon 2017 ya nuna iyakar tonawa. An yi ta kiran cibiyoyin al'ummar Yahudawa da makarantunsu a faɗin Amurka ana cewa an dasa bam, fiye da sau 100 cikin 'yan watanni, ana kwashe ƙananan yara ana fita da su cikin sanyi. A watan Maris FCC ta ba da izinin wucin gadi a riƙa bayyana lambobin masu irin wannan kira domin bincike. Amma wanda aka kama a ƙarshen watan a garin Ashkelon na Isra'ila, wani matashi da bai kai shekara 20 ba, ba *67 yake dannawa ba. Ta intanet yake kira, da lambobin aro da sauyin murya, kuma sai da hukumar FBI da 'yan sandan Isra'ila suka haɗa hannu kafin a kai gare shi. A 2018 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 10. Aikin bincike ne ya kama shi, irin wanda babu manhajar da za ta yi wa mutum shi a cikin aljihunsa.

Inda doka ta ajiye mabuɗin

A Oktoban 2017 FCC ta mayar da wancan izini doka ta dindindin, kuma yadda ta tsara shi abin lura ne. Idan kira ya ƙunshi barazana mai tsanani ga rai ko lafiya, kamfani zai ba jami'an tsaro lambar idan sun nema a madadin wanda aka yi wa barazanar. Ba a miƙa ta ga shi wanda aka kira don ya yi yadda ya so. Tarayyar Turai ta riga ta bi wannan hanya tun 2002 a dokarta ta sirrin sadarwa: mai kira yana da ikon ɓoye lamba kyauta, wanda ake kira yana da ikon ƙin karɓar ɓoyayyen kira, kuma ana ɗage ɓoyewar ne a hali biyu, ga layukan agajin gaggawa, da kuma na ɗan lokaci idan wani ya nemi a bi sawun kiran da ke cutar da shi. 'Yan talla kuwa an cire su daga masu wannan haƙƙi. A Amurka an hana su ɓoye lamba, a Birtaniya ma tun 2016 dole su nuna ta, domin kamfanin da ke neman kuɗinka ba shi da wani asiri da za a rufa masa.

Wannan tsari yana da aibinsa, kuma aibin ne ya buɗe wa 'yan kasuwa hanya: jinkiri. Idan wanda ake wa barazana zai yi makonni yana zarya tsakanin kamfani da ofishin 'yan sanda, to duk mai sayar masa da amsa a cikin minti ɗaya zai samu ciniki.

A nan gida lamba ta fi tona asiri

Dabarar TrapCall ta ginu ne a kan tsarin layukan kyauta na Amurka, amma damuwar ta iso mu ta wata ƙofa, kuma a wurinmu lambar waya ta fi ɗaukar kaya. Tun 2011 ake rajistar layuka a Najeriya, daga Disambar 2020 kuma aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. A bankunan waya irin su OPay da PalmPay lambar waya ita ce lambar asusu, don haka wanda ya shigar da ita kamar zai tura kuɗi zai ga cikakken sunan mai ita. WhatsApp kuma sau da yawa yana ƙara masa da hoto. Wanda ya samu lambarki ya kusa samun ki.

Ga kuma Truecaller, manhajar da aka ƙirƙira a Suwidin a 2009, wadda ta cika wayoyinmu. Ba ta tona lambar da aka ɓoye, amma tana saka suna a kan lambar da ba ka sani ba, daga sunayen da wasu masu amfani da ita suka bayar. Tana ceton mutane daga 'yan damfara masu cewa daga banki suke kira, wannan ba a musu. Amma a 2019 ƙungiyar Privacy International ta ba da labarin wata 'yar jarida mai binciken ƙwaƙwaf da ta je aiki wata ƙasa a Afirka ta Yamma ta sayi sabon layi, sai ga direban tasi ya san sunanta da inda take aiki, saboda wata majiyarta ta saka wa lambar suna a manhajar da ita ba ta taɓa saukewa ba. A Satumbar wannan shekarar hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Najeriya, NITDA, ta sanar da cewa tana binciken Truecaller kan yadda take tattara bayanan 'yan Najeriya.

A ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba, mutumin da ya ga an wuce da mutane ko shanu ya ɗauki waya zai sanar, abin da ya fara tunani shi ne ko lambarsa za ta koma kunnen waɗanda ya tona. Idan bai amince ba zai yi shiru, kuma shirunsa kowa zai shafa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da tabbacin sirrin maganar waya. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta haramta bibiyar mutum da tsoratar da shi, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta kafa hukumar da za a kai wa ƙara. Dokoki suna nan. Abin da ya rage shi ne hanya mai sauƙi da sauri da mace a Gusau ko ɗalibi a Zariya zai bi idan ɓoyayyar lamba ta hana shi sakat, ba sai ya san wani a kamfanin waya ba. Wannan sanin wani shi ne babban haɗarin, domin duk ƙofar bayan da mai gaskiya ya bi ya samo lamba, azzalumi mai kuɗi ya fi shi iya bin ta.

Hukuncin da wannan tarihi ya kai mu gare shi a fili yake. Wanda ake kira yana da cikakken ikon ƙin ɗagawa da toshe duk kiran da ba shi da lamba. Wanda ake wa barazana yana da haƙƙin a gano mai yi masa cikin kwanaki kaɗan. Amma tona lambar da mai ita ya nemi a rufe bai kamata ya zama hajar da kowa zai saya ba. Aiki ne na hukuma, bisa ƙorafi a rubuce, na ƙayyadadden lokaci, da sunan jami'in da ya nema da wanda ya bayar a ajiye, da hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sayar da lambar wani. Hukumar sadarwa ta NCC da kamfanonin waya da rundunar 'yan sanda su fito da wannan hanya su bayyana ta da Hausa da sauran harsunanmu.

Kai kuma mai karatu, idan ana damun ka da ɓoyayyen kira, rubuta rana da lokacin kowane kira, kada ka biye wa mai kiran da musayar magana, ka kai ƙara da wannan lissafi a hannunka. Idan kuwa ke ce kike ɓuya daga wanda kike tsoro, kada ki jingina ranki da #31#. Ki nemi wani layi daban da ba a haɗa shi da asusunki ko hotonki ba, ko ki sa wani babba da kika amince da shi ya riƙa isar da saƙon yara a madadinki.